Damina Ta Daina Cika Alkawari

Bara waccan sau uku yayana ya yi shuka a gona ɗaya. Gonar ita ce wadda mahaifinmu ya bar mana, a jigawar da ke tsakanin Gumel da Maigatari, ƙasa mai rairayi da ba ta san komai ba sai gero da wake da riɗi. Ruwan farko ya sauka cikin dare, mai nauyi, har da safe idan ka tona da hannu sai ka iske laima ta wuce kamu guda. Gari na wayewa kowa ya saɓa sungumi. Gero ya tsiro, gona ta fara kore, sai sama ta ɗauke. Aka yi mako uku babu ko yayyafi, iska mai zafi ta riƙa kwaso rairayi tana yanka 'yan tsiron har suka ƙone. Ya sake shuka da ragowar irin da ke rumbu, wannan ma ta fito rabi da rabi. A karo na uku sai da ya sayar da akuya ya auno iri a kasuwar Maigatari, irin da bai san asalinsa ba. Da marka ta zo kuma, ruwan da aka yi ta fita roƙo ya zubo a kwana biyu abin da a da yake sauka a wata guda, ya kwanta a kwarin gonar ya ruɓar da waken.

Da na je gida bayan kaka, muna zaune a gindin rumbu, na ce, "Yaya, ina labarin amfani?" Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Malam, ruwa kam an yi shi. Damina ce ta daina cika alkawari."

Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin malamin gona kafin in ajiye aiki. Na zauna tarurruka masu yawa inda aka yi ta maganar sauyin yanayi da dogon Turanci, amma ban taɓa jin wanda ya kama bakin zaren kamar yayana, wanda bai yi boko ba. Noma ilimin lokaci ne. Mahaifinmu ba ya duba kalanda, alamomi yake bi. Idan shamuwa ta dawo ta fara sheƙa a kan tsamiya, gawo ya fara karkaɗe ganye, iska ta juyo daga kudu da ɗan danshi, ya san an kusa. Wani lokaci ma binne yake yi, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa don ruwa ya iske shi a ciki. Ya san ranar da zai shiga noman farko, ya san ta maimai, ya san gero zai nuna ya fitar da gida daga yunwar damina, dawa da maiwa su biyo baya su ƙarasa da raɓa. Duk wannan ilimin a kan ginshiƙi ɗaya aka ɗora shi, wato cewa bana za ta yi kama da bara. Ginshiƙin nan ne ya goce, shi ya sa manomin da ya fi kowa ƙwarewa yanzu yake shuka da fargaba kamar sabon shiga.

Na san abin da wasu dattawa za su ce: ai fari ba yau aka fara shi ba. Gaskiya ne. Kakanninmu sun ba mu labarin Kakalaba, yunwar 1914. Ni da idona, ina yaro, na ga mushen shanu a bakin hanya a 1973. Na ga ta 1984, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suka laƙaba wa El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyaka da gwamnatin Buhari ta yi. A waɗannan shekaru ne Tafkin Chadi, wanda a shekarun 1960 ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, ya janye har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma, ya bar magudanan da aka gina a yankin Marte don noman alkama suna shan rana. Amma farin da, ruwa ne yake gaza, a sha wuya, ya dawo, al'amura su koma yadda aka sani. Abin da muke ciki yanzu wani ne daban. A wurare da yawa na yankin Sahel jimillar ruwan shekara ta farfaɗo idan aka gwada da shekarun 1980, sai dai yadda yake sauka ya canja. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya gano cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar tururin ruwa, ga hamada tana ƙara zafi, to idan hadari ya haɗu sai ya juye komai lokaci guda. Ruwan da ya zubo haka kuwa ba ya zama a gona. Gudu yake, ya kwashe taki da saman ƙasa, ya yanka kwazazzabo, bayan kwana huɗu gona ta bushe kamar ba a yi ba.

Sakamakon kowa ya gani. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Wanda ya bi ta Ringim ko Haɗejiya a watan Satumban shekarar ya ga gonakin shinkafa sun zama tafki, kawunan bishiyoyi kawai ake hangowa. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. A watan ne dai tsohon masallacin Birnin Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun ƙarni na 19, ya zube saboda ruwan sama. A ƙarshen Mayun 2025, tun damina ba ta kankama ba, ruwan dare ɗaya ya kashe mutum fiye da 150 a Mokwa. Akwai sakacin ɗan'adam a cikin waɗannan, na madatsun da ba a gyarawa da gidajen da ake ginawa a hanyar ruwa, amma sakacin ya daɗe, ruwan ne ya ƙaru.

Ambaliya tana da hoto, ana nuna ta a talabijin, gwamna ya je jaje. Zafi ba shi da hoto, shi ya sa ba a cika maganarsa ba, alhali shi ne ɓarawon da ke shiga rumbu kowace shekara. Hukumar yanayi ta duniya ta tabbatar cewa 2024 ce shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara ajiye lissafi, ta ɗara zamanin da ba a kafa masana'antu ba da kimanin digiri ɗaya da rabi. A farkon Afrilun shekarar, muna cikin azumi, ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma duk wanda ya yi azumin nan a Kano ko Sakkwato ba ya bukatar a ba shi labari.

Abin da zafi ke yi wa shuka na sha ganinsa a gona. Masara idan ta fitar da kai ta fara goyo, tana da 'yan kwanaki kaɗan da bununinta zai sauka kan gemun ya haifar da ƙwaya. Idan rana ta tsananta a kwanakin nan, ga kuma ƙishi, bununin yakan mutu, sai ka ɓare goyon ka iske shi da giɓi, ƙwaya nan da can. Daga nesa gona shar, a rumbu babu komai. Zafin dare ma yana da nasa, domin shukar da ba ta samu sanyin dare ba takan ƙona abin da ta tara da rana. Alkama kuwa 'yar hunturu ce. Manoman Kadawa da Kura da kwarin Haɗejiya sun san idan aka makara da shuka, ko sanyi ya tafi da wuri, zafin da ke shigowa wajen Fabrairu da Maris yakan iske ta tana cika ƙwaya ya tsamurar da ita. Masana sun auna wannan. Binciken da ya tattara sakamako daga ƙasashe da yawa a 2017 ya nuna cewa, idan ba a canja dabara ba, duk ƙarin digiri ɗaya na zafin duniya yana rage amfanin masara da kimanin kashi 7 cikin 100, alkama kashi 6, shinkafa kashi 3. Wani kuma na 2019, a kan Afirka ta Yamma, ya ƙiyasta cewa tsakanin 2000 da 2009 ɗumamar da aka riga aka yi ta rage amfanin gero da kashi 10 zuwa 20, dawa da kashi 5 zuwa 15. Gero ke nan, wanda muke taƙama da juriyarsa. A kowane dami goma, ɗaya ko biyu sun tafi tun ba a yanka ba, kuma manomi ba zai san wa ya ɗauka ba, sai ya ce ƙasa ce ta gaji.

Mazauna birni sukan ɗauka wannan damuwar ƙauye ce, idan ta ƙi a gida a sayo daga waje. Su nake so su saurara. Burodin da mai shayi ke yanka maka, da taliyar leda, da fulawar fanke, fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake yin su da ita daga ƙetare take zuwa. Ƙasashen da ke da rarar hatsin sayarwa kuwa ba su da yawa, kuma su ma wannan rana ce take dukansu. A 2010 zafi da fari suka ƙone gonakin Rasha, a watan Agusta ta hana fitar da hatsi, farashin alkama ya yi tsalle a duniya. A 2022, daidai lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya toshe hanyar hatsin Baƙar Teku, duniya ta zuba wa Indiya ido, sai zafin da ya zo da wuri a Maris ya taɓa alkamarta, a watan Mayu ita ma ta rufe ƙofa. A Yulin 2023 ta hana fitar da farar shinkafar da talakan duniya ke ci, saboda tsoron abin da damina za ta yi, ita da ke riƙe da kimanin kashi 40 cikin 100 na cinikin shinkafa tsakanin ƙasashe. A shekarar 2022 ɗin ce ambaliya ta shafi mutum miliyan 33 a Fakistan, ita ma mai sayar da shinkafa, yayin da Somaliya da sassan Habasha da Kenya ke cikin farin da ya ci damina biyar a jere.

Ba na ganin laifin Indiya. Duk maigidan kirki idan ya ga damina ta yi gardama, rumbunsa yake fara rufewa, iyalinsa su ci kafin maƙwabci. Abin da nake cewa shi ne kasuwar duniya rumbun wani ce, kuma ranar da ka fi bukatarta ita ce ranar da za ka iske ta a kulle, ko a buɗe da farashin da ya fi ƙarfin nairarka. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce kimanin mutum miliyan 733 suka yi fama da yunwa a 2023, mutum ɗaya cikin 11 a duniya, amma a Afirka ɗaya cikin biyar. Nahiyar da hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba ita ce ke kan gaba wajen kwana da yunwa. Ƙasashe masu arziki sun yi alkawari a Kofanhagan a 2009 cewa kafin 2020 za su riƙa ba ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 a shekara don tunkarar sauyin yanayi, ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa rance ne. An kafa asusun biyan asara a taron sauyin yanayi na Masar na 2022, alkawuran farko da aka yi masa a Dubai ba su wuce kimanin dala miliyan 700 ba. A Baku a 2024 aka ce biliyan 300 a shekara kafin 2035. Wannan bashi ne, kuma wajibi ne wakilanmu su ci gaba da binsa da ƙarfi. Sai dai yayana ba zai jira 2035 ya yi shuka ba.

Kada kuma mu ɗora wa sama abin da muka yi da hannunmu. Tsadar da ta kai hauhawar farashin abinci sama da kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, har matasa suka fito kan titi a watan Agusta, tana da iyaye da yawa: cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, faɗuwar naira, tsadar taki, da 'yan bindigar da suka hana noma a manyan dazukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda sai an biya su kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Sauyin yanayi ya iske mu da rauni ne, ya danna inda ke ciwo. Makiyayin da kiwo ya ƙare masa a arewa ya gangaro da wuri, ya iske an nome burtali, amfani bai tashi ba saboda an makara da shuka, to me zai hana rigima?

Akwai kuma maganar da nake ji a majalisa, cewa ruwa na Allah ne, wane ne mutum da zai ce ya canja yanayi. Ruwa na Allah ne, babu mai ja. Amma wanda ya sare dajin da ke bayan gari, rairayi ya shigo masa gida, ba zai ce ba shi da hannu ba. Kuma ƙissar Annabi Yusuf, alaihissalam, da muke karantawa tun muna makarantar allo, labarin shugaba ne da aka sanar da shi fari na tafe, ya tara hatsin shekarun wadata a cikin zangarniyarsa, ya ceci Masar da maƙwabtanta. A fita roƙon ruwa, ni ma ina fita. Idan an dawo daga filin idi kuma a ɗauki aikin da ke wuyanmu.

Aikin nan na gan shi da idona, kuma ba a Turai ba, a bayan gidanmu. Sai dai kafin in faɗe shi akwai abin da ke damuna. A shekarun farko na aikina abin da aka koya mana, muka kuma koyar, shi ne gonar kirki ita ce mai tsabta: a tuge kututture, a ƙone sassabe, don garmar shanu da tarakta su wuce babu tangarɗa. Ni da bakina na sa manoma sun tumɓuke kalgo da sabara da 'ya'yan gawo ba adadi. Mun yi da kyakkyawar niyya, amma mun yi ɓarna, kuma har yau idan na ga iska na tashi da ƙasar irin waɗannan gonaki sai in ji nauyi a ƙirjina.

Shekaru bayan haka wata hidimar dangi ta kai ni Magarya, ta hanyar Ɓaɓura. Ƙasa ɗaya ce da tamu, harshe ɗaya, ruwansu ma bai kai namu ba. Amma da muka tsallaka iyaka sai na ga gonakin gero cike da gawo, manya da ƙanana, har ido ya gaza ƙirgawa. Na tsaya na gaisa da wani dattijo da ke sassabe, na ce, "Baba, wa ya dasa muku waɗannan?" Ya ce babu wanda ya dasa, barin su aka yi. Sunan abin a wajensu sassabin zamani. Idan manomi ya zo sharar gona ya iske kututture ya yi toho, ba ya sare shi duka. Yakan zaɓi reshe ɗaya ko biyu ko uku mafi ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya riƙa gyara musu duk shekara. Tunda saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, bishiyar takan tashi da saurin da dashe ba ya yi, ba ban-ruwa, ba shinge.

Manoman ƙasar Hausa sun san darajar gawo tun da daɗewa, har ana ba da labarin doka mai tsanani da Sarkin Damagaram Tanimu ya kafa a ƙarni na 19 kan wanda ya sare shi. Amma farfaɗowar ta zamani ta samo ƙarfi ne a yankin Maraɗi a 1983, inda wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sarewa duk shekara bishiyoyi ne da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. A yunwar 1984 aka haɗa dabarar da rabon abinci. Da rabon ya ƙare da yawa suka koma sara, amma waɗanda suka bar nasu suka ga bambanci, maƙwabta suka kwaikwaya. Abin da ya ƙara mata gudu shi ne da manomi ya tabbata bishiyar gonarsa tasa ce, ba ta ma'aikacin gandun daji ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da bishiyoyi wajen miliyan 200, kuma hakan na ƙara kusan tan 500,000 na hatsi a shekara. Yankunan Magarya da Matameye da Mirya na cikin inda abin ya fi kauri. A 2018 Rinaudo ya samu wata babbar lambar yabo ta duniya, tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya inganta haƙa ramukan da ake zuba taki a shuka a ciki, waɗanda a yankin Tawa ake kira tassa.

Gawo bishiya ce mai abin mamaki, don ta saɓa wa sauran itatuwa. Da damina take zubar da ganye, saboda haka ba ta yi wa gero inuwa, ganyen kuma ya zama taki. Da rani take yin kore, ta zubo 'ya'yan da awaki da shanu ke ci, su kwanta a inuwarta su bar kashi. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili tsayi da kai. Amma abin da dattijon Magarya ya gaya mini, wanda ya dawo mini a rai ranar da nake zaune da yayana, shi ne maganar iska. Ya ce kafin su bar itatuwa, sau biyu sau uku suke shuka saboda rairayi na binne tsiro ko ya yanke shi, yanzu yawanci sau ɗaya. Itatuwa ba sa kawo ruwa ranar da kake so. Suna dai karya iska, su sassauta zafin ƙasa, su rage gudun ruwa har ya samu ya nutse, shuka ta iya jure mako uku na ɗaukewar ruwa. A shekarar da hatsi ya ƙi kuma, akwai itace da ganye da 'ya'yan itace na sayarwa.

A gwada wannan da yadda muke yi. Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin babbar katangar bishiyoyi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, da burin gyara hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna kimanin miliyan 4 kawai aka cim ma a yankin da aka shata. Manoman kudancin Nijar da gatari da lauje sun yi fiye da haka. Na halarci bikin dashen itatuwa ba sau ɗaya ba ba sau goma ba: a kafa rumfa, babban baƙo ya tsuguna ya dasa, a ɗauki hoto, bayan wata biyu awaki su cinye. A lokaci guda manyan motoci na fita daga dazukanmu shaƙe da buhunan gawayi, tunda iskar gas ta fi ƙarfin talaka. Da kuɗin rumfunan nan aka ɗauki manoma daga Gumel da Ɗambatta da Daura aka kai su Magarya su kwana biyu su gani da idonsu, da an wuce nan. Manomi ba ya yarda da takarda, gonar ɗan'uwansa yake yarda da ita. Abin da ya rage wa hukuma da sarakuna shi ne su tabbatar da doka ɗaya: bishiyar da mutum ya raina a gonarsa tasa ce, wanda ya sare masa ɓarawo ne, a hukunta shi kamar ɓarawon akuya.

Maganar iri ma haka take. Akwai gero mai saurin nuna irin su Sosat da Jirani, cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta yi aiki a kansu, cibiyar Samaru ta Zariya ta fitar da dawa da masara da wake 'yan wuri masu jure ƙishi. Ilimin yana nan. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, da lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna a kowane yanki da inda ake tsoron ɗaukewarsa. Da yayana ya ji cewa ruwan nan na farko na yaudara ne, da bai zubar da irinsa ba. Tsakanin waɗannan cibiyoyi da gindin rumbu akwai rami, kuma malamin gona ne gadar. Mu da aka ɗauka aiki a zamanin manyan shirye-shiryen noma na shekarun 1980 mun tsufa mun tafi, waɗanda aka ɗauka a madadinmu ba su kai ko kusa ba, da yawansu ma babu babur ɗin shiga ƙauye. Shugabannin Afirka sun sa hannu a Maputo a 2003 cewa za su ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafi, Nijeriya ba ta ko kusanci hakan ba. Ɗan abin da ake warewa kuma yakan tafi a rabon taki da buhunan agaji, wanda ke da hoto. Ina ganin gidan rediyon da zai riƙa faɗa wa manoman kowace ƙaramar hukuma, da Hausa, kowane mako, cewa a shuka ko a dakata, ya fi tirela goma ta shinkafar jaje amfani.

Ruwan da ke halaka mu a Agusta shi ne wanda muke nema a Maris. Madatsun Tiga da Challawa da Bakolori da Goronyo suna bukatar yashewa da gyara, kachala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗejiya da Nguru har kogi ya rasa hanya ya faɗa gonaki, ga ƙananan tafkunan ƙauye da za a iya zurfafawa su riƙe ruwan noman rani. A shekarar da aka samu albarka kuma gwamnati ta sayi hatsi daga manomi da farashin da ba zai karya shi ba ta adana, maimakon ta bari ya faɗi a kaka, ta kuma buɗe iyaka a shigo da na waje daidai lokacin da nasa ke kasuwa. Manomin da ya yi asara a shekarar albarka, baɗi gonarsa zai rage.

Na ba yayana labarin Magarya fiye da sau ɗaya a baya, yana ji yana kawar da kai, don ya tuna ni ne na ce a tuge. Bayan shuka ukun nan ne ya ce in sake faɗa masa yadda ake yi. Da na je a bazarar nan muka zaga gonar tare muka ƙirga: gawo goma sha ɗaya, mafi tsayinsu ya kai ƙirjina, ban da kalgo da sabara da ya bari a kan iyaka. Ya ɗaura wa kowanne jan tsumma don masu saran itace su san da mai shi, har ya kai ƙarar wani wajen mai unguwa. Irin Sosat ɗin da na kai masa yana cikin tulu, an gauraya shi da toka an liƙe bakin. Ya ce bana ba zai taɓa shi ba sai ruwa na biyu ya sauka.